Ni Na Wanke Allon Malam Dauda

Da daminar bana shekara bakwai ke nan da rasuwar babana, Malam Dauda mai allo. Na san yawancin masu karanta jaridar nan ba su taɓa jin sunansa ba. Masunci ne daga wani ɗan ƙauye a fadamar Haɗejiya, tafiyar rabin yini daga tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Ya karɓi addinin Almasihu yana saurayi, ya kuma bar duniya ikilisiyarmu ta ɗora masa horo. Horo a wurinmu shi ne a hana mutum koyarwa, a hana shi cin Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi a ɗakin sujada, a mayar da shi bencin baya har ranar da zai tashi gaban jama'a ya furta laifinsa. Shekara huɗu ya yi a haka, bai fita ba har ya cika.

Laifin da aka hore shi a kai ba shi ya yi ba. Ni na yi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma da so samu ne da yau ma na sake ɗagawa. Amma cikin mutum biyar da suka zauna suka yanke masa hukunci, biyu kaɗai suka rage. Baturen mishan zai koma ƙasarsu bayan kaka, ba zai dawo ba. Dattijon ikilisiyarmu, Baba Yusufu, ya makance, an ce ko kunu ba ya iya sha sosai. In waɗannan biyu suka wuce, babu sauran wanda zai iya wanke sunan babana.

Yana yaro ya yi karatun allo a tsangayar wasu malamai da kakanninsu suka zo daga wajen Borno. A can suka shaƙu da Goni Bukar, ɗan gidan. Daga baya wani gyambo ya kai shi ɗakin magani na mishan, ya yi wata shida yana jinya, ya koyi boko, ya ji wa'azi, ya gaskata. 'Yan uwansa da yawa suka janye jiki. Goni bai janye ba.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san yadda take zama idan kogi ya kawo. Ruwa yakan shafe hanyoyi, ya bar tuddai nan da can da gorubarsu a tsaye, masunta su ƙaura kan tuddan da bukkokinsu da wutar bandarsu. Bature ya sha aika musu 'yan littattafai na boko. Danshi ya ci wasu, gara ta ci wasu, sauran aka naɗe taba da su, don ba mai iya karantawa. Amma kusan kowane masunci ya taɓa zama gaban malami yana yaro, ya san baƙaƙen ajami. Sai Baba ya sassaƙa alluna da icen aduwa, ya dafa tawada da gawayi da ƙaro, ya riƙa rubuta darasin mako da Hausa cikin ajami. Yakan naɗe allon a rigarsa, ya ɗaure a ka, ya kwanta rub-da-ciki a kan gora, wato ƙaton duman nan da masunta ke ƙetare ruwa da shi, ya tafi yana iyo da hannuwa. Ina tsaye a gaɓa nakan bi shi da kallo har sai farin ƙullin da ke kansa ya zama kamar balbela tsakanin furannin bado.

Goni kan zo ya tarar da shi yana rubutu a inuwa.

"Dauda, ka bar mana addini ka gudu mana da allo. Ko rabinka ne kawai ya tafi?"

"Alaramma, icen aduwa ne fa. Bai yi shahada ba, bai yi baftisma ba."

Sai Goni ya karɓi allon, ya juya shi, ya tsuke baki. "Hannunka ya lalace tun da ka fara rubutu daga hagu. Ba ni alƙalamin."

Bature bai taɓa jin daɗin allon ba, amma ya bari, da sharaɗi ɗaya: kada a sha. Kowa ya san yadda maƙwabtanmu suke wanke rubutun allo su ba maras lafiya. Saboda haka in masunta suka haddace darasi, Baba yakan shiga kogi har gwiwa ya wanke allon a idon kowa, ruwa ya tafi da tawadar.

A daminar da nake magana, ina da shekara goma sha biyu, suna karanta labarin manzanni na farko. Masunta sun kamu da son labarin nan, don sun ji cewa manyan manzannin su ma masu jefa taru ne. Sun ji yadda biyu daga cikinsu suka tarar da gurgu a ƙofar Haikali, suka kira sunan Almasihu, ya miƙe ya yi tafiya. Sun ji yadda manyan firistoci da malamai suka fusata, suka sa aka kama su aka tsare, don a kawo su gaban majalisa. Fuskar allo ɗaya kowane mako, suna rerawa da irin muryar da suka yi karatu da ita suna yara.

A ɗaya daga cikin makonnin nan zazzaɓi ya kwantar da Inna. Ruwa ya riga ya yanke hanya. Da hantsi Baba ya hau gora ya nufi ɗakin magani neman ƙwaya, ya bar ni da ita. Kafin rana ta take, Inna ta daina gane ni. Tana kiran sunan uwarta da ta daɗe da rasuwa, jikinta kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Na jiƙa zane na shafa mata, na yi addu'ar da na iya, na fita ƙofa na duba ruwa, ba kowa. Da na dawo sai idona ya faɗa kan allo a jingine da bango, da labarin gurgun nan a jikinsa. Abin da ya zo mini shi ne, ga kalmomin da suka tashi gurgu, ga kuma uwata tana tafiya. Na ɗauko ƙwarya, na wanke allon a ciki, na tallafo wuyanta, ta sha.

Da la'asar Baba ya dawo. Ya ba ta ƙwaya, sannan ya ga allon fes da sauran laima, ya ga baƙin zobe a cikin ƙwarya. Ya dube ni ya daɗe. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Abin da ya ce kawai shi ne, "Uwata, miƙo mini tawada." Ya zauna ya sake rubuta darasin.

Inna ta farfaɗo a rana ta uku. Abin da ta iya tunawa shi ne ɗanɗanon gawayi a bakinta, da hannu a bayan wuyanta. Ta ɗauka hannun mijinta ne. Ba ta tambaya ba, mu ma ba mu ce komai ba. Da ruwa ya janye muka samu zuwa sujada, aka ba da filin shaida, ta miƙe da fara'arta, ta ce, "Ina gode wa Ubangiji da ya tashe ni. Na sha ƙwayar Bature, na sha rubutun Malam, Allah ya sa albarka a duka biyun." Ta tsaya tana jiran a ce amin. Ba wanda ya ce.

Majalisa ta zauna da safiyar Laraba a gindin tsamiya, bayan ɗakin sujada. Ni ina bayan zana, ina leƙe ta wata kafa.

Baba Yusufu ne ya fara. "Dauda, an sha allonka a gidanka?"

"An sha, Baba."

"Kai ka wanke ka ba ta?"

"Gidana ne, allona ne, matata ce."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi ne abin da nake da shi."

Bature ya yi magana da Hausarsa mai nauyi. Ya ce in aka bar wannan, gobe za a ce masu bi ma suna da nasu rubutun sha, jibi a ɗinke Maganar Allah a fata a rataya wa yara a wuya. Ba na son mai karatu ya ɗauka mugayen mutane ne suka zauna a gindin tsamiyar nan. Baba Yusufu ɗan boka ne, ya bar gidan ubansa da kayan tsafinsa da gadonsa duka. Tsoronsa na gaske ne. Shi ne kuma ya riƙe hannun babana ranar baftismarsa.

A watan nan aka zaɓe ni, ni kaɗai a 'yan matan fadamarmu, in tafi makarantar kwana ta mishan. Yarinyar da ta ba da rubutun sha ba za ta je ba. Shekaru da yawa na riƙa gaya wa kaina cewa ƙuruciya ce ta hana ni fahimta. Ƙarya nake yi wa kaina. Na fahimta sarai. Taku uku ne tsakanina da tabarmarsu, na riƙe karan zana har ya yanke ni a yatsa, ban fito ba.

Aka tattara allunan aka kulle a ɗakin ajiya na mishan. Aka ce ranar da Baba ya tashi ya ce shi ya yi, ya tuba, za a maido shi. Shi kuma ba zai faɗi abin da bai yi ba, ba zai kuma faɗi wanda ya yi ba.

Bayan kwana kaɗan masunta uku suka zo gida da ɗaurin busasshiyar tarwaɗa. Babbansu ya zauna, ya gaisa, ya ce, "Malam, ka bar mana mutanenmu a tsare fa. Kashe su aka yi ko an sake su?"

"An hana ni koyarwa."

"To kada ka koyar. Ba mu labari kawai, kamar yadda ake hira."

Baba ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce su je wurin Baba Yusufu, ya san ƙarshen. Ba su je ba. Ba su saba da benci ba, ba su san boko ba, kuma kifi ba ya jira.

Ni na riga na karanta gaba a littafin Baba na boko. Na san majalisar ta ja wa manzannin kunne su daina ambaton sunan, su kuwa suka amsa cewa Allah ya fi cancanta a bi a kan mutane, suka ci gaba, aka sake kama su, aka yi musu bulala, ba su daina ba. Saura kwana biyu in tafi makaranta, na same shi da safe yana gyaran komarsa ta kamun kifi, na tsuguna kusa da shi.

"Baba, su ai ba su yi shiru ba. Me ya sa kai ka yi?"

Bai ɗaga kai ba. "Uwata, duk wanda ya karanta labarin nan yakan zaunar da kansa cikin manzanni. Ban taɓa jin wanda ya ce shi ne ɗan majalisa ba. Su an tsare su ne don abin da suka faɗa a fili. Ni don abin da na ƙi faɗa ne. Kada ki sa ni a sahunsu." Ya ƙulla zare ya cije. "Kin kai wurin dattijon nan na majalisa, wanda ya tashi ya ce a ƙyale su, in aikin na mutum ne zai mutu da kansa, in na Allah ne ba mai iya tare shi? Nan nake so in kai masunta. Mutum ɗaya ne fa, a cikin masu hukuncin."

Na ce, "Baba, ai ni ce…"

"Jirginki ranar Talata ne. Kin ɗaure kayanki?"

Na tafi. Na koyi Turanci da lissafi da ɗinki, na koyi sunayen tekuna da ban taɓa gani ba, malamaina suna yaba mini natsuwa. In na zo hutu sai in tarar da shi a bencin baya, kusa da ƙofa, muryarsa ta fi ta kowa a waƙa. Shekarar da aka yi mini baftisma na zauna a gaba, aka miƙo mini gurasa, na karɓa, na ci. Na ji mai rabon ya taka har baya, ya tsallake shi, ya dawo. Da muka fito Baba ya yanka mini zakara don murna.

Ciwon ƙirji ya kama shi a damina ta huɗu, ina gida hutu. Da ya ji jiki ya aika a kira Baba Yusufu. Tsohon ya zo cikin taɓo, ya zauna a bakin shimfiɗa yana hawaye.

"Dauda, kalma biyu ce. Ka ce na yi, na tuba. Yanzun nan in aika a kawo gurasa."

"Baba, in tafi gaban Ubangiji da ƙarya a bakina?"

"To wane ne ya yi? Don Allah, Dauda."

Babana ya juya fuskarsa ga bango. Ina tsaye a bakin ƙofa da moɗar ruwa. Shekarata goma sha shida a lokacin, saura shekara biyu in fita da takardar malanta. Na ajiye moɗar na fita.

An yarda a binne shi a gefen maƙabartar masu bi, amma ba waƙa, ba wa'azi, tunda bai fita daga horo ba. Goni Bukar ya zo da 'ya'yansa maza, su suka haƙa kabarin, sannan suka koma gefe suka tsaya. Su ba za su yi masa salla ba, mu ba mu rera ba. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Kukan kwaɗi kawai daga fadama, da ƙarar ƙasa tana zuba. Da aka gama, Goni ya kakkaɓe hannunsa, ya matso kusa da Baba Yusufu, ya ce a hankali, "Mu dai mun ɗauka ku kuka karɓe shi."

Yau abubuwa suna sauyawa da sauri. Ko'ina maganar mulkin kai ake yi. A ikilisiya ma Turawa suna miƙa ragama ga 'yan ƙasa, samarin da muka taso tare sun fito daga makarantar Littafi Mai Tsarki, su ne za su zauna a gindin tsamiya nan gaba. Littattafai sun yawaita, yara suna karanta boko tun suna ƙanana. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Ina jin zai yi murna da littattafan, ya shafa su, ya shinshina takardar yadda ya saba, sannan ya tambaya ko an sami wanda ke kai su kan tuddai. Ba a samu ba. Ina jin kuma zai ja samarin nan gefe ya ce musu, yanzu da kujerar ta zama tasu, su koma su sake karanta labarin manzanni daga inda firistoci suke zaune.

A watan jiya, a makarantar 'yan mata inda nake koyarwa, taronmu na nazarin Littafi ya iso wannan wuri, ni ce kuma mai jagora. Matan suka yi ta magana da zafi, cewa mu ne manzannin wannan zamani, mu 'yan kaɗan a ƙasar da ba a son jin mu. Na so in ɗora nawa, sai idona ya koma kan littafin. Na duba labarin daga farko har ƙarshe ina neman inda zan zauna. Ba na cikin waɗanda aka tsare. Ba na cikin masu hukunci, don su ba su san gaskiya ba, sun yi aiki da abin da aka ba su. Ni na sani. Na rufe littafin na ce kaina ke ciwo, wata ta ƙarasa. Tun ranar ba na iya cin abinci sosai, ba na iya addu'a. In na durƙusa, ba abin da nake gani sai bayan babana da fuskarsa a bango.

Na san abin da zai biyo bayan wannan rubutu. Mai yiwuwa a karɓe ajina, a ɗora mini horon da ya kamata in ɗauka tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ina tsoro ƙwarai, ina son 'yan matana, ba ni da wata sana'a. Har yanzu ma ban san ko abin da yarinyar nan ta yi da ƙwarya zunubi ne ko ruɗewa ba, wannan na bar wa dattawa. Amma shirun da na yi bayan zana, da wanda na yi a bakin ƙofa, waɗannan ba sai an gaya mini sunansu ba. Abin da nake roƙon Bature da Baba Yusufu shi ne su zauna sau ɗaya tak kafin kaka, su yi mini tambayar da suka yi masa, su kuma tashi ranar Lahadi su faɗa wa jama'a cewa Malam Dauda bai ba kowa rubutu ba. A je kabarinsa a rera ko da baiti ɗaya ne.

Me ya rage na babana? Gidan ya zube, goransa ya fashe, allunan ban san ko suna nan ba. Bara ina ƙetarewa a kwalekwale, matuƙin, wani magidanci Musulmi, yana tura kwalekwalen da sanda yana rera wani abu ƙasa-ƙasa da muryar karatun allo. Na kasa kunne sai na ji labarin gurgu ne a ƙofar Haikali, kalma bayan kalma yadda Baba ya tsara. Ya kai inda aka kama su aka tsare, ya koma farko. Na tambaye shi ci gaban, ya ce iyakarsa ke nan, haka ya ji a bakin ubansa. Wannan ya rage. Sai ni, da hannun da ke riƙe da alƙalamin nan, da duk abin da na sani. Shi ya auna, ya ga karatuna ya kai a ba da allo da masunta da gurasar shekara huɗu dominsa. Na yi ta aunawa ni ma, kullum sai in ga an cuce shi, kuma ni na bari.

Sai Inna. Tun Lahadin da ta ambaci rubutun Malam a gaban jama'a, ba ta ƙara miƙewa a filin shaida ba. Ta ɗauka mijinta ya karya doka don ƙaunarta, ita kuma ta tona shi da bakinta, bakin nan ya kai shi kabari. Haka take faɗa duk lokacin da aka ambace shi. Shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da wannan, ina zuwa hutu ina yi mata kitso, ina jin tana faɗa, ina cewa ta yi haƙuri.

Inna ba ta iya karatu ba, amma na san yadda jarida ke yawo a wajenmu. Mutum ɗaya ya saya a tasha, a karanta wa goma, kafin yamma labari ya ƙetare ruwa. Na nemi izini, zan biyo jirgin Asabar. In takardar nan ta riga ni isa, ina roƙon duk wanda ta faɗa hannunsa, don girman Allah, kada a kai mata. Ku ba ni zuwa Asabar. Ku bari ta ji daga bakina.